Kwamfuta Takwas da Sirrin Masu Zama a Kansu

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da shagon kwamfuta a Samaru ta Zariya, inda nake da kwamfuta takwas, furinta biyu, injin fotokwafi ɗaya, da yara biyu masu koyon aiki a hannuna. Abin da ke kawo mana abinci shi ne duba sakamakon WAEC da NECO, buga takardun JAMB, rajistar masu tafiya bautar ƙasa, biyan kuɗi ta Remita, da cike fom na neman aiki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake yi ba tare da mutum ya miƙo mana lambarsa ta NIN, ranar haihuwarsa, lambar wayarsa, wani lokaci har da BVN da kalmar sirrin imel ɗinsa ba. Na daɗe ina ɗaukar kaina mai sayar da lokacin intanet da takarda, alhali mafi yawan abin da ke ratsa hannuna bayanan mutane ne.

Abin da ya farkar da ni ya faru ne da wata Hajiya, tsohuwar malamar makaranta, da ta zo duba wani saƙo game da fanshonta. Washegari wani saurayi ya zauna a kujerar da ta tashi, ya buɗe shafin imel don ya shiga nasa, sai akwatinta ya buɗe masa gaba ɗaya. Allah Ya sa yaron kirki ne, ya kira ni ya ce, "Oga, zo ka gani, akwatin wata ne a buɗe a nan." Da na leƙa wurin da burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ke ajiye kalmomin sirri, sai na tarar da jerin sunaye mai tsawo, na ɗalibai da 'yan kasuwa da ma'aikata, domin duk lokacin da burauzar ta tambaya ko a adana, yarana sai su amsa mata da e don aiki ya yi sauri. Laifin nawa ne, tunda ban taɓa hana su ba. Na kira Hajiyar na ba ta haƙuri na roƙe ta ta canza kalmar sirrinta, sai ta ce, "Ɗana, ai ni ban ma san yadda ake canzawa ba, ku na bar wa amanar."

Daga ranar na zauna na karanci lamarin, na kuma fahimci cewa ƙofa biyu ce sirri ke fita ta cikinsu. Ta farko ita ce mutumin da zai zauna a kujerar bayan ka tashi. Ta biyu kuma kamfanonin talla ne da ke bin sawunka daga shafi zuwa shafi ta hanyar ƙananan bayanan da ake kira kukis, ko ta hanyar haɗa siffofin na'urarka, kamar girman fuskarta da harshenta da nau'in haruffan da ke cikinta, har su zama tamkar zanen yatsa. Mutane da yawa suna zaton tagar sirri, wadda Chrome, burauzar Google, ke kira Incognito, tana rufe duka biyun. Ta farko kawai take rufewa, domin shafin da ka ziyarta da kamfanin da ke ba ka intanet duk suna ganin zuwanka. A Amurka an kai Google ƙara a 2020 kan bayanan da aka tattara daga masu amfani da wannan taga, kuma a 2024 kamfanin ya amince ya goge biliyoyin bayanai a matsayin sulhu.

A shago irin nawa ƙofa ta biyun tana da wata siffa mai ban dariya, domin a idon masu talla kwamfuta ɗaya mutum ɗaya ne, wanda da safe yake neman gurbin jami'a, da rana yake neman aikin soja, da yamma kuma yake tambaya kan laulayin ciki. Dariyar tana ƙarewa ne idan wani ya yi bincike kan ciwon da yake ɓoyewa, sannan maƙwabcinsa da ya gan shi ya tashi ya zauna ya tarar da tallan maganin ciwon a gefen shafi.

Na gwada burauza huɗu kafin na tsaya a kan ɗaya. Abin da na fara lura da shi shi ne yawancinsu 'yan gida ɗaya ne, domin Edge da Brave da Opera duk a kan Chromium aka gina su, wato ginshiƙin da Chrome ke tsaye a kai. Firefox ce ke da injinta na kanta. Brave ta burge ni domin tana toshe talla da masu bin sawu tun daga ranar da aka girka ta, kuma hakan yana rage cin data, sai dai tana zuwa da jakar kuɗin kirifto da tsarin lada, waɗanda ko da ana iya kashe su ban ga amfaninsu a gaban ɗalibin da ya zo buga takarda ba. Tor kuwa tana bi da mutum ta tashoshi uku kafin ya isa shafi, don haka tana da nauyi, kuma babu ma'ana mutum ya ɓoye inda yake alhali zai rubuta cikakken sunansa da NIN a cikin fom.

Firefox na zaɓa, kuma dalilina na aiki ne. Tun 2019 take toshe sanannun masu bin sawu ba tare da an taɓa komai ba, a 2022 kuma ta fara ware kukis na kowane shafi a rumbunsa, ta yadda wani shafin ba zai leƙa na wani ba. Na saita ta kada ta riƙe tarihi, kada ta tambayi kowa adana kalmar sirri, kada ta tuna abin da aka rubuta a fom, sannan na ƙara mata uBlock Origin, ƙaramar manhajar toshe talla da masu bin sawu, wanda cikakken nau'insa ya daina aiki a Chrome bayan sauye-sauyen da aka fara a 2024. Ba na ɗaukar ta a matsayin waliyyiya, domin mafi yawan kuɗin Mozilla, kamfanin da ke yin ta, daga Google yake fitowa, a matsayin ladan sanya injin bincikensa a gaba. Wannan ne ma ya sa idan ka girka ta sai ka canza injin binciken da hannunka.

A kan injin bincike na fi daɗewa ina jinkiri, saboda a nan ne kwastoma ke saurin ganin bambanci. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google an bayyana cewa a 2021 kaɗai kamfanin ya biya dala biliyan 26.3 don ya zama injin da mutum ke tararwa a waya da burauza, kuma a Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukunci cewa ya yi babakere a kasuwar ba bisa ƙa'ida ba. Wanda ya biya irin wannan kuɗi ya san cewa mutane ba sa canza abin da suka tarar, ni ma sai na yi amfani da wannan ɗabi'a a shagona na sanya DuckDuckGo a gaba. Ba ya ajiye tarihin binciken mutum, tallansa yana bin kalmar da ka rubuta a lokacin ne, kuma yawancin sakamakonsa daga Bing, injin binciken Microsoft, yake samowa. Idan abin da ake nema na gida ne sosai, kamar wata sanarwar makaranta ko rubutun Hausa da ba a cika karantawa ba, na koya wa yarana su buɗe Startpage, wani injin ƙasar Holan da ke kawo sakamakon Google ba tare da ya miƙa bayanan mai tambaya ba. Akwai kuma dabarar rubuta !g a gaban tambaya a DuckDuckGo, amma ita kai tsaye take kai ka Google, don haka kariyar ta ƙare a nan.

Mafi girman haɗarin bincike a sana'armu shi ne shafukan bogi. Duk lokacin da aka buɗe ɗaukar ma'aikata, 'yan damfara kan ƙirƙiri shafi mai kama da na gaskiya don su kwashi lambobin mutane da kuɗin fom. Saboda haka na haramta neman shafin hukuma ta hanyar bincike, na jera adireshin kowanne a saman burauza bayan na tabbatar da shi da kaina.

Kwamfuta ɗaya na bar wa Chrome, saboda akwai shafukan rajista da a kansa kawai aka gwada su, kuma idan ranar rufewa ta matso ba lokacin gardama ba ne. A kanta muna amfani da yanayin baƙo, wanda ke goge komai da an rufe taga.

Duk da haka, abin da ya fi ba ni aiki ba ya cikin burauza. Hoton fasfo da aka ɗora, takardar NIN da aka sauke, da takardar haihuwa da aka ɗauka da sikana duk suna zama a cikin kwamfuta ko da an goge tarihi sau goma. Yanzu kafin kwastoma ya biya, yaro zai goge fayilolinsa a gabansa, ya zubar da kwandon shara na kwamfutar, ya kuma sa shi ya cire WhatsApp ɗinsa daga jerin na'urorin da ya haɗa a wayarsa. Dokar kare bayanai da aka sanya wa hannu a Najeriya a Yunin 2023 ta ɗora alhaki a kan masu sarrafa bayanan jama'a, amma ni na fara wannan tsari tun kafin ta zo.

Tsarin yana da tsada a wajena. Aiki ya ɗan rage sauri, wasu ɗalibai suna ƙorafin cewa kullum sai sun sake rubuta kalmar sirri, waɗanda suka saba mantawa da tasu kuma sai mun bi ta lambar waya mun sake musu wata, kuma na san akwai waɗanda suka koma inda ake ajiye musu. Hajiyar nan tana zuwa har yanzu duk ƙarshen wata. Tana fito da ƙaramin littafi daga jakarta, ta buɗe shafin da ta rubuta kalmar, ni da yaron mu juya baya har sai ta ce mana ta gama.