Yadda na wanke gishirin dutse da ruwa

Har yau in na kalli guntun da ya rage sai raina ya ɓaci. Na daɗe ina tara duwatsu, kuma duk wanda ya shigo hannuna sai na tsoma shi a ruwa na goge da burushi. Hannu ya riga ya saba. Da wani abokina ya kawo mini tsarabar gishirin dutse daga mahaƙar Khewra ta Pakistan, jaja-jaja saboda ɗan ƙarfen da ke cikinsa, kusurwoyinsa tsaf kamar an yanka da wuƙa, ban yi wata-wata ba na jefa shi cikin kwano na tafi amsa waya.

Ko da na dawo, kusurwoyin nan duk sun tafi. Ya koma kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi. Gishiri ne fa! Ruwa mililita 100 kan narkar da kusan giram 36 nasa, kuma na san haka sarai. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan: tsohon teku ne ya ƙafe ya bar shi, ya kwanta a ƙarƙashin ƙasa shekaru miliyoyi lafiya lau, ni kuma na lalata shi kafin in gama waya ɗaya.

Ban daddara ba. Na shanya shi, na ɗora kan kantar ƙarfe kusa da taga. Ashe in laimar iska ta haura kashi 75 cikin ɗari, da kansa yake jan ruwa. Ya yi ta gumi, kantar ta yi tsatsa a daidai inda yake.

Abu ɗaya ne ya ɗan sanyaya mini zuciya. Ba shi da tauri, bai wuce 2.5 ba a ma'aunin Mohs, wanda ake auna taurin duwatsu da shi, don haka na kafa bakin wuƙa a gefensa na ƙwanƙwasa a hankali. Sai ya tsage tas, sabuwar fuska mai sheƙi ta fito, ɓarɓashin ma kowanne kamar ƙaramin akwati.

Yanzu yana cikin kwalba a rufe gam, ƙura kuma busasshen burushi kawai. Ina fatan samun na Wieliczka a Poland, mai ruwan toka, ko ɓallin irin allunan da ake haƙowa a Taudeni ta Mali. Na ma riga na tanadi kwalabensu.