Na Je Zuru Jin Waƙar Kawu

Wayar kawu ta same ni ina shirin kwanciya. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. "Ɗana, ranar Asabar muna da babbar waƙa a majami'a. Bana ce shekarata ta ƙarshe da riƙe sanda. Ka zo." Ni Musulmi ne, shi Kirista, kuma duk wanda ya san ƙasar Zuru ya san wannan ba baƙon abu ba ne: gida ɗaya, tukunya ɗaya, wani ya nufi masallaci, wani ya nufi coci. Daga wannan gidan mahaifiyata ta fito. Da mahaifinmu ya rasu, kawu ne ya biya mini kuɗin jarrabawar fita sakandare daga ɗan fanshonsa na soja. Mutum irin wannan in ya ce ka zo, sai dai ka nemi takalmi.

Ranar Juma'a ina idar da sallar asuba na kama hanyar tasha a Birnin Kebbi. Hazon Disamba ya sauka sosai, direba na tafe da fitila a kunne har muka wuce Jega. Maiyama, sannan Koko, inda muka sha shayi a tsaitsaye muka bar babban titin Yawuri muka karkata gabas. Daga nan ƙasa ta fara sauya kama. Shimfiɗaɗɗen filin da na saba da shi ya ba da wuri ga tuddai da duwatsu, ga kaɗanya da ɗorawa, ga dammunan dawa jingine a bakin gonaki. Tsakanin Mahuta da Dabai mun tsaya a shingayen jami'an tsaro ba sau ɗaya ba, kuma na lura hira takan mutu a motar idan muka shiga daji. Wata dattijuwa da ke gefena addu'a take yi ƙasa-ƙasa da sunan Yesu, ni kuma ina jan carbi. Mun shiga Zuru da sauran lokaci kafin a hau mumbari.

Kawu tsohon ɗan badujala ne. Zuru dama garin sojoji ne, daga nan Janar Ishaya Bamaiyi ya fito, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, kuma da wuya ka shiga gida ba ka ga hoton wani cikin kaki a bango ba. Wasu sun dawo da lambobin yabo, shi kawu da ƙaho ya dawo, da kuma iya karanta rubutun kiɗa. Tun da ya ajiye kaki yake koyar da 'yan kwaya, wato rukunin mawaƙan cocinsu.

Da yamma na bi shi wurin gwaji. Abin da ya fara ɗaukar idona allo ne baƙi, cike da haruffa da ɗige-ɗige na alli: d, r, m, f, s, l, t. Ya ce da wannan yake koyar da su, do re mi ke nan, tsarin da wani fasto a Ingila mai suna John Curwen ya yaɗa a ƙarni na 19 don talakan da bai san rubutun kiɗa ba ya iya waƙa, mishan kuma suka kawo shi nan. Mawaƙan sun kai arba'in. Akwai malamar firamare, akwai tela, akwai ɗan acaɓa, akwai samarin da kaushin lauje bai bar tafinsu ba. Ya raba su gida huɗu: mata masu siririyar murya, mata masu kauri, maza masu tashi sama, da maza masu muryar gindi.

A gaba kuma ga masu kayan kiɗa: gogen Turawa huɗu, babban goge ɗaya da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi, ƙaho biyu, ganga, da fiyano mai aiki da batir. Masu gogen ɗalibai ne 'yan garin da suka dawo hutu. Na zauna kusa da wata yarinya ina kallon tana goga wani dunƙulen ƙaro mai ruwan zuma a jikin gashin bakanta, a hankali, daga gindi zuwa tsini. Gashin wutsiyar doki ne. Daidai abin da mai goge yake yi a ƙauyenmu kafin ya fara, sai dai nasa tsirkiya ɗaya ce a kan ƙwarya da fata, nata huɗu a kan katako. Ta buɗe akwatin ta nuna mini ɗan jiƙaƙƙen soso da ta ƙulle a leda mai huji. Ta ce hunturu na busar da katakon har ya tsage, maɗauran tsirkiyar kuma su yi ta saki, don haka kafin kowace waƙa sai an sake ɗaurewa.

Gardama ta tashi a kan lasifika. Matasa na so a tayar da janareta a jona makirufo. Kawu ya ƙi. "Idan kun ji kanku a lasifika, ba za ku ji na kusa da ku ba," in ji shi. Ina bayansa a wannan. Mun saba da taron da ƙara ke toshe kunne har mun manta yadda muryar mutum take idan ba a cusa ta cikin waya ba.

Ƙarfe biyu na rana aka sa taron ranar Asabar, don waɗanda suka zo daga ƙauyukan wajen Ribah da Dirin Daji su koma gida da sauran haske. Na samu benci kusa da ƙofa tare da wasu dangi. Zumuntar mata suka buɗe da waƙoƙin Hausa da na C'lela, yaren Dakarkarin ƙasar Zuru, wata na dukan bakin tulu da faifan soso, sautin na fita kamar daga cikin ƙasa. Sannan kawu ya fito cikin baƙar kwat da ta yi masa yawa yanzu, ya juya wa jama'a baya, ya ɗaga sanda.

Sassa suka rera daga Messiah, wato Almasihu, na Handel, Bajamushen da aka haifa a 1685 ya ƙare rayuwarsa a Landan. Ya rubuta kiɗan duka cikin kwana 24 a 1741, aka fara rera shi a Dublin ranar 13 ga Afrilu 1742, kuɗin ƙofa kuma aka raba wa asibitoci biyu da mutanen da ke kurkuku saboda bashi. Faston ya ambaci wannan kafin a zagaya da baiko, ya ce na yau na iyalan da rashin tsaro ya raba da gonakinsu ne.

Da Turanci ake waƙar, amma ba kalmomin ne suka riƙe ni ba. Mu a waƙarmu jagora ke bayarwa 'yan amshi su karɓa. A nan kuwa kowane rukuni da hanyarsa. Mata su ɗauko zance, kafin su dire maza sun shigo da shi daga ƙasa, gogen na saƙa a tsakani, kai ka ce yanzu za su yi karo, sai ka ji duk sun sauka wuri ɗaya. Na ga tela yana waƙa kansa a karkace, kunnensa na wajen na kusa da shi.

Da aka zo Halleluya, kowa ya miƙe, kamar yadda aka saba yi wa wannan sashe, ni ma na tashi don girmama masu gida. Do, so, la, so: abin da na gani jiya da alli, ga shi yana girgiza kwanon rufi. Ƙaho ya shiga, mata suna ta hawa mataki-mataki a kan "Sarkin sarakuna", har na ji tsikar jikina ta tashi. Gab da ƙarshe akwai wurin da komai ke tsayawa cak kafin kalmar ƙarshe. Jiya sau shida kawu ya sa aka maimaita wannan shirun, don kada wani ya yi riga-malam-masallaci. Mawaƙa suka tsaya daidai. Sai wata tsohuwa daga tsakiyar jama'a ta rangaɗa guɗa, doguwa, har muryarta na rawa. Kawu ya bar hannunsa a sama, bai sauke ba sai da ta kai aya. Daga inda nake ina hango kafaɗunsa na motsi.

Na fita na yi la'asar a masallacin da ke bakin hanya. Ko da na dawo jama'a sun ragu, ana loda benci. Na tarar da shi zaune a kan dakali, ya cire kwat, yana goge ƙahonsa da tsumma. Yarinyar nan mai goge na durƙushe a gabansa, ya ɗora mata tsofaffin littattafan rubutu guda uku a cinya, bangonsu duk ya sha selotef, yana nuna mata wani shafi da yatsa.

"Kawu, sannu da aiki," na ce.

Ya ɗago. "Ka ji masu muryar gindi sun makara a shiga ta biyu?"

Na ce ban ji ba.

"Sun makara," ya ce, ya juya wajen yarinyar. "Nan za ki fara da su a watan Janairu."