Abin da na koya wajen sanyaya ƙwayar zarra da hasken leza

Zafi motsi ne. Kowane ɗalibin fiziks ya haddace wannan tun sakandare, amma bai zauna mini a kai ba sai da na ɗauki binciken iska mai tsananin sanyi a karatuna na digiri na biyu a nan Katsina. Ƙwayoyin iskar da muke shaƙa gudun kusan mita 500 suke yi a daƙiƙa guda. Sanyaya su shi ne rage musu gudu, kuma abin yana da iyaka: digiri 273.15 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos.

Daga aikin da Satyendra Nath Bose na Indiya ya aika masa a 1924, Albert Einstein ya yi hasashen cewa idan wasu ƙwayoyin zarra suka matso dab da iyakar nan, za su taru a hali guda, su riƙa tafiya kamar abu ɗaya. Shekara 70 aka yi ba wanda ya ga haka da ido. Sai a watan Yunin 1995 masana fiziks Eric Cornell da Carl Wieman suka samar da wannan hali a jihar Kolorado ta Amurka, da ƙwayoyin wani sinadari mai suna rubidiyam kimanin 2,000. Wolfgang Ketterle ya biyo baya da sinadarin sodiyam a shekarar, su ukun suka karɓi lambar Nobel a 2001.

Yadda ake yin shi ne ya fi ɗaukar hankalina. A cikin kwalbar gilashin da aka zuƙe iskarta, ana haska ƙwayoyin da leza ta fuska shida. Ana saita launin hasken ya gaza abin da ƙwayar ke sha da ɗan kaɗan, ta yadda sai wadda ta nufo hasken ce za ta sha shi, domin gudun da take yi zuwa gare shi ne ke cike ɗan giɓin. Duk shan da ta yi, gudunta ya ragu da kamar milimita 6 a daƙiƙa. Ba yawa, amma cikin ƙiftawar ido za ta sha sau dubbai, har ta koma rarrafe. Daga nan leza ta gama nata aikin. Sai a riƙe ƙwayoyin da maganaɗisu, a bar masu zafin ciki su tsere. Haka randa take yi a lokacin bazara: ruwan da ya tsattsafo ta jikinta ya bushe, ya tafi da zafin, na ciki ya yi sanyi. Mafi yawan ƙwayoyin a nan ake rasa su, 'yan kaɗan ɗin da suka rage su ne ake nema.

Mu ba mu da kayan kaiwa can. Abin da muka sa a gaba shi ne matakin farko: mu sa ƙaramar leza mai nanomita 780 (ma'aunin launin haskenta ke nan), irin ta cikin na'urar faifan CD, ta dace da rubidiyam ɗin da ke cikin wata 'yar kwalba mai tsawon yatsa. Ido ba ya ganin hasken sosai, don haka da kyamarar tsaro muke kallo. Kana juya maɓallin wuta a hankali, allo baƙi ƙirin, can sai wani siririn zare fari ya ratsa kwalbar. Ƙwayoyin ne suke shan haske suna mayarwa. Wani ya buɗe ƙofa, iskar rana ta shigo, zaren ya ɓace. Janareta ya sauya murya, ya ɓace. Da hunturu kuwa ƙura ce ke kwanciya a kan madubai, kullum da safe sai an goge.

Na taɓa ce wa malamina, "Malam, anya wannan bincike ne ko gadi?" Ya ce, "Je ka karanta yadda su Wieman suka fara." Da na karanta sai na tarar da irin waɗannan ƙananan leza masu araha suka yi aiki, kuma duk na'urar a kan tebur take. Abin da suka ƙware a kai shi ne hana abubuwa motsi: zafin leza kada ya gusa, tebur kada ya girgiza, wuta kada ta yi sama da ƙasa. Wajen kama ƙwayoyin, launin hasken in ya kauce da kashi ɗaya cikin miliyan 100, an fara samun matsala.

Shi ya sa ba na yarda idan aka ce irin wannan ilimi ya fi ƙarfinmu. Lissafin kwantam ɗin, wato na ilimin halayen ƙananan ƙwayoyin nan, ɗalibanmu suna iya shi, na gani da idona. Inda muke da rauni shi ne ɗaki mai sanyi daidai dare da rana, da wutar da ba ta yankewa, da ma'aikacin ɗakin gwaji wanda ake girmama aikinsa. Da muka haɗa lezar da batirin sola, muka rufe ta cikin akwatin soso, sai zaren ya riƙa tsayawa tun hantsi har azahar, muka samu damar ɗaukar awo.