Tambaya ta 17

Ina shekarar ƙarshe a Jami'ar André Salifou wata cibiyar bincike ta ɗauke mu aikin tattara bayanai kan haƙƙin ɗan Adam, dimokuraɗiyya da daidaito a cikin garin Damagaram. Mu 12 ne, aka raba mana unguwanni, kowa da ƴar kwamfutar hannu. Tsakiyar bazara ce, lokacin da famfo kan yi kwanaki bai ɗiga ba.

Kwana 3 aka yi ana horar da mu. Da Faransanci aka rubuto tambayoyin, don haka rabin lokacin a musun fassara ya tafi. A nan ne kuma aka bi da mu ta dokokin ƙasa: ta 2003 da ta mai da bauta babban laifi, shari'ar Hadijatou Mani, matar da aka bautar, da ta yi nasara kan gwamnatin Nijar a kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a 2008, dokar kason mata ta 2000 wadda aka ɗaga zuwa kashi 25 cikin 100 na muƙaman zaɓe a 2019. Na fito ɗakin horon ina jin na san haƙƙi ciki da bai.

Kuskurena na farko a unguwar Birni na yi shi. Na kai wa mai unguwa takarda kamar yadda aka saba, ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya haɗa ni da ɗan rakiya. Duk gidan da muka shiga sai yaron ya nemi kujera ya zauna kusa da mu. Kwana 2 ina tambaya ana ce mini "sai godiya", "ai lafiya lau muke zaune". Ba ƙarya suka yi mini ba, sun dai san duk abin da aka faɗa kafin magariba ya isa zauren mai unguwa. Daga nan na koyi barin ɗan rakiya a ƙofar gida da kuɗin shayi, na kuma daina fara tambaya kafin a gama gaisuwa a kawo ruwa.

A Garin Malam na gamu da matar da har yau nake tunawa. Dattijuwa ce mai tuyar ƙosai, jarkoki 6 a jere bakin ɗakinta, babu ko ɗigo a ciki, tana jiran ɗan ga-ruwa tun safe. Muka yi ta tafiya lami lafiya har tambaya ta 17: shin tana ganin ana mutunta haƙƙinta na ƴar ƙasa? Amsoshin da aka tanada su ne sosai, da dama, kaɗan, ko kusa, sai kuma "ban sani ba".

Ta ajiye matsamin ƙosai ta dube ni. "Ƴar nan, haƙƙin da na sani shi ne wanda Allah ba ya yafewa sai mai shi ya yafe. Shi kike tambaya?"

Na ce, "Inna, na wajen hukuma nake nufi."

Sai ta shiga ɗaki ta fito da wata baƙar leda da aka ɗaure da tsumma. Katunan zaɓe ne a ciki, wasu har sun yi ja don tsufa. Ta ce tun 1993 take jefa ƙuri'a, shekarar da Mahamane Ousmane, ɗan garin nan, ya ci zaɓen shugaban ƙasa suka kwana suna guɗa, ba a cika shekara 3 ba soja suka sauke shi. Duk da haka ba ta taɓa fashin layi ba. Sannan ta nuna mini jikanta da ke wanke tire. A gida aka haife shi, ba shi da takardar haihuwa, kuma malaminsu ya ce in babu ita ba za a rubuta shi jarrabawa ba. "In zaɓe ya matso, har nan ake biyo ni ana tambaya ko na karɓi katina. Takardar yaron nan kuwa, babu wanda ya taɓa tako ƙofar nan dominta."

Na san bayanin doka. Rajistar haihuwa kyauta ce, dokar 2019 ta ba da kwana 60, in wa'adin ya wuce sai an bi ta kotu da shaidu. A takarda ba wani abu ba ne. Ga mai tuyar ƙosai kuwa, kuɗin kabu-kabu ne zuwa da dawowa, da na shaidu, da asarar cinikin safiya, da fargabar shiga ofishin da ba ka san harshen takardunsa ba. Mun fi rabin awa a kan wannan magana. Da na koma kan kwamfutar na ce ta zaɓi ɗaya, sai ta ce, "Sa wanda ya fi miki sauƙi." Rana ta yi, gidaje 4 suna jirana. Na danna "ban sani ba".

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Matar da ta fi kowa sanin amsar, ni da hannuna na rubuta cewa ba ta sani ba. Washegari na sayi littafi, duk abin da bai shiga gurbin amsa ba na rubuta shi a ciki.

A Kara-Kara littafin ya cika. Unguwa ce da aka kafa don masu cutar kuturta, yau kuma in an ambace ta sai a tuno ƴan fale, wato gungun samari ƴan daba, da ɗaga ƙarfe. Samarin da na tarar a wata fada, wato wurin zaman hirarsu, ba su yi mini rashin kunya ba, tambaya ɗaya suka yi: waɗanda suka zo bara da irin wannan na'ura, me suka yi da maganarmu? Ban da amsa. Ɗayansu ya ce in ya je neman aiki ba ya faɗin unguwarsu, sai ya ce Sabon Gari yake. Tambayarmu ta wariya ta lissafo jinsi, ƙabila, addini da naƙasa. Babu unguwa a ciki, babu asalin gida, alhali a garin nan kafin a ba ka aure ko aiki su ake fara bincika.

Ba na raina ƙididdiga. Da ita ake tunkarar minista, kuma ba don irinta ba da ba za mu iya cewa kusan kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18 ba. Amma daga baya da na karanta ayyukan LASDEL, cibiyar binciken zamantakewa da ke Yamai tun 2001, na ga masu bincikenta zama suke yi a asibiti da ma'aikatar magajin gari suna kallon yadda ake yi wa talaka, kafin su san ma wace tambaya ta dace. Mu da tambayoyinmu a aljihu muka iso. Na miƙa wa shugaban ayarinmu littafina, ya karanta da gaske, ya ce zai sa wasu a rahoto. Rahoton a Yamai aka gabatar da shi, da Faransanci. Garin Malam da Kara-Kara ba su ji komai ba.

Bayan damina na koma wajen Inna da ƙafata. Muka samo maƙwabta 2 da suka san ranar sunan yaron, muka yi zuwa kotu sau 3 kafin takardar ta fito. Ta ninke ta a hankali ta sa cikin baƙar ledar nan, saman katunan zaɓen. Muna hanyar komawa ta tambaye ni wace amsa na sa mata a waccan rana. Na faɗa mata gaskiya. Ta yi shiru har muka wuce masu sayar da itace, sannan ta ce, "In kin ga masu takardar, ki ce su gyara."