Potiskum, Maigatari, Wudil: Kwana Uku Ina Neman Shanun Turka

Shekaranjiya na dawo Saminaka, har yanzu ƙurar kara, wato kasuwar shanu, ba ta gama fita daga maƙogwarona ba. Kasuwa uku na ci a jere: Potiskum ran Laraba, Maigatari ran Alhamis, Wudil ran Juma'a. Bijimai goma na fita nema. Shida na turka ne, wato za a ɗaure su a rumfa ana ciyar da su su yi ƙiba kwana 100 yanzu da kaka ta yi, harawa da dusa suna araha, huɗu kuma ƙanana ne da za su ci damina a gona.

Duk wanda bai taɓa shiga karar Potiskum ba bai san yawan dabba ba. Tun hantsi manyan motoci sun jeru suna jiran lodi zuwa Kudu, shanun Borno da Yobe da na ƙetaren iyaka sun cika fili. Abin da ya fara tsayar da ni Rahaji ne, jajaye wur, dogaye, ƙahonsu kamar za su taɓa sama. A wajenmu ba ka ganin irin wannan tsayi. Dillalin da ya tare ni ya rantse babu sa kamarsu, kuma a ido gaskiyarsa ne. Amma Rahaji saniyar tafiya ce. Doguwar ƙafa gare ta, ƙashi ya fi nama yawa, ta saba da mai ita shi kaɗai. Ka ɗaure ta a turke sai ta yi kwanaki tana fizgar igiya tana ƙin ci, ga ƙaho da ke hana biyu su sa baki a kwami ɗaya. Wanda yake da daji da makiyayi ya saya. Mai rumfa da yaro ɗaya mai ba da abinci ya bar su.

Can gefe na ga Wadara, gajeru masu duhun ja, da wasu 'yan Kuri guda biyu daga wajen Tabkin Chadi, marasa tozo, ƙahonsu a kumbure kamar tulu. Na daɗe ina kallonsu. Kuri dabbar ruwa ce, ta saba shiga tabki ta yi iyo daga tsibiri zuwa tsibiri, in aka raba ta da shi sai ta lalace. Na ji tausayinsu a cikin wannan rana.

Farashin Potiskum bai yi mini daɗi ba, don 'yan lodin Kudu ne ke kafa shi. Su nama suke so yau, ba su damu da shekaru ba, sai su taya kuɗin da mai turka ba zai iya bi ba. Mu kuwa ramammen sa muke nema mai babban gida, wato mai manyan ƙasusuwa, wanda yunwa ta ramar da shi. Bambanta ramar yunwa da ta ciwo shi ne rabin aikin. Mai yunwa idonsa garau, hancinsa da danshi, yana tuƙa, in ka miƙa masa harawa zai fizga. Wanda gashinsa ya tashi, ko ƙasan haɓarsa ya kumbura, sai ka zargi ciwon hanta. In ka sa aka ɗan kora shi ya tsaya yana tari, ya miƙe wuya ya buɗe ƙafafun gaba, ka guje shi, alamar ciwon huhu ce, kuma zai shafa wa sauran. Ka buɗe baki ka ƙirga manyan haƙoran ƙasa: biyu, wajen shekara biyu da rabi, huɗu, wajen uku, shida, wajen huɗu, takwas, ya cika. Na turka, mai huɗu zuwa shida ya fi. Mai biyu abincin a girma zai tafi, wanda haƙoransa suka cinye kuma ba ya iya tauna kara.

Ban sayi komai a nan ba. Muka bi ta Azare da Haɗeja muka kwana Gumel.

A Maigatari ne tafiyar ta biya. Kasuwar tana bakin iyakar Nijar, raƙuma da jakuna da shanu duk a wuri ɗaya, ciniki rabi da naira rabi da lissafin sefa, kuma faɗuwar naira ta sa dabbar da ta ƙetaro ta yi tsada. Wani dattijo fatoma, wato dillali mai saukar da baƙi, ya sauke ni a rumfarsa, ya sa aka kawo fura da nono, ya ƙi ko jin maganar kuɗi. A wajenmu dillali sai ya ji nauyin aljihunka kafin ya ba ka tabarma. Na nuna masa wasu Azawak masu ƙyalli, launin ƙasa-ƙasa, fata sumul, na ce su nake so. Ya ce, "Ɗana, ina gonarka?" Na ce, "Saminaka, Baba." Ya ce, "Akwai kurmi kusa?" Na ce akwai rafi mai duhuwa a ƙasan gonar. Sai ya girgiza kai ya ce, "To waɗannan ba naka ba ne. Shanun rairayi ne, ba su san tsando ba."

Maganarsa daidai take. Ruwan da ke sauka a Maigatari da wuya ya wuce rabin namu. Mu damina tana da tsawo, ciyawa ta yi yawa, amma da ita kaska ke zuwa, da kirci da ke ɓata fata, da ciwon sammore da ƙudan tsando ke kawowa daga bakin rafi. Azawak tana jure ƙishi da zafi, ba ta jure laima. Bunaji, farar nan mai baƙin kunne da baƙin hanci, ita ce ta fi sauran masu tozo jure wannan yanayi, shi ya sa ta cika rugagenmu. Ba ta kai Muturu da Ndama na Kudu jure sammore ba, amma ta fi su jiki nesa. Shanun Turai da ake ta yayi kuwa, in babu rumfa mai iska da feshin kaska a kan kari da likita kusa, kuɗinka ka binne.

Dattijon nan ne ya zaɓar mini Bokolo shida don rumfa. Gajeren ƙaho ko babu, fatar wuya na reto, baya mai faɗi, ga sanyin hali, yaro ma zai iya da su. Tunda rani za su yi a ɗaure, a sayar kafin ruwa ya sauka, tsando ba zai same su ba. Na auna kowanne da igiyar awon tela don in ƙiyasta nauyinsa: kewayen ƙirji sau kansa, sau tsawon jiki daga kafaɗa zuwa ƙashin gindin wutsiya, a raba da 10,840. Mai ƙirji santimita 150 da tsawo 120 ya kama kilo 250 ke nan. Irin wannan yana cin busasshen abinci wajen kilo 7 a rana, harawa da ƙowa da dusa da ɗan angurya, ga kanwa, ga ruwa lita 30 zuwa 40 in zafi ya yi. Wanda bai tanadi wannan sau 100 ba ya rage yawan shanun. Sau uku mai su ya ce albarka kafin ya sallama, na biya la'ada da daɗin rai.

A hanyar fita wani mai karɓar haraji ya tsare motar, ya jefar mini da rasit ɗin kasuwa a ƙasa, ya ce wannan ba nasu ba ne. Awa guda dabbobi suna tsaye cikin rana saboda shi. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai.

Wudil ban daɗe ba. Bunaji huɗu masu haƙori biyu na ɗauka kafin a tafi masallaci, farashinsu da dama-dama.

Yanzu duka goman suna keɓe a bayan gona, ba za su haɗu da na gida ba sai bayan mako uku. An ba su maganin tsutsa da na hanta, an fesa na kaska, dusa kuma da kaɗan-kaɗan ake ƙara ta don kada ciki ya kumbura. Bokolo ɗaya yana ɗan ɗingishi tun saukowa daga mota, gobe likita zai duba kofatonsa.