Albashin da zai riƙe gida

Sana'ata kafinta ce. Ina da ɗan shago da ma'aikata kaɗan, muna yin ƙofofi, tebura da kujerun makaranta. Farashin katako da ƙusa ba a hannunmu yake ba, don haka in aiki ya matse, ladan ma'aikaci ne da yawanmu ke fara yankewa.

Mafi ƙarancin albashi gwamnati ce ke yanke shi. Albashin da zai riƙe gida kuwa, lissafinsa daga buƙata yake farawa: abinci, haya, magani, kuɗin makarantar yara, da ɗan abin ajiyewa saboda tsautsayi. Wanda bai samu wannan ba, a aikinsa ake gani. Tun tsakiyar wata zai zo neman bashi, da dare ya tafi wani aikin, da safe ya tsaya gaban injin yanka idanu jajur. Wanda bai yi barci ba bai kamata ya kusanci zarto ba. In kuma hannunsa ya faɗa, ya iya haɗa ƙofa ta rufu lif, sai ya koma wurin wanda ya ƙara masa, kai kuma ka ɗauko sabo yana ɓata maka katako. Irin wannan gudun ma'aikata na cikin abin da ya sa Henry Ford, mai kamfanin ƙera motoci a Amurka, ya kai lada dala 5 a rana a 1914.

Sai dai mai ƙaramin shago ba zai iya shi kaɗai ba. In na biya da kyau, maƙwabcina bai biya ba, shi zai ci kwangilar, tunda mai saye arha yake bi. Shi ya sa abin da aka yi a Baltimore ta Amurka a 1994 ya burge ni. Limaman coci sun lura masu zuwa karɓar abincin sadaka da yawansu suna da aiki, suka haɗa kai da ƙungiyar ƙwadago har birnin ya kafa doka: kamfanin da ke son kwangilarsa sai ya biya albashin da zai riƙe gida. A gabashin Landan ma ƙungiyoyin unguwa ne suka fara neman irin wannan albashi a 2001, saboda masu shara a asibitoci da bankuna.

Ni dai na ƙara wa yarana lada, na rage riba. Yanzu duk wanda ya nemi farashin kujeru, nakan rubuta masa kuɗin aiki a layi daban, ya gani da idonsa kafin ya ce a rage.