Ɗigon da ke kan allon radar

A kwas ɗin tuƙin jirgin ruwa, abin da ya fi cin mana lokaci shi ne karanta allon radar, wanda ma'aikata ke kira PPI. Da'ira ce, jirginka na tsakiya, wani layin haske yana zagayawa daidai da juyawar eriya. Na'urar tana harba siginar rediyo mai gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, ta auna lokacin zuwanta da dawowarta, ta raba biyu, sai ɗigo ya fito a inda abin yake.

Wannan lissafin ba wuya. Wuyar tana hannun mai kallo. Ɗigon nan amsa-kuwwa ce kawai, kuma ruwan sama yana maido da ita, raƙuman teku ma haka, har garken tsuntsaye. Idan teku ta yi fushi, sai tsakiyar allon ya cika da dabbare-dabbare. Akwai maɓallin rage su, kuma ɗalibi yana son allo fes, sai ya yi ta murɗawa. Malaminmu ya kan tsaya a bayanka, ya bar ka ka gama share allon, sannan ya tambaye ka ina ƙaramin kwale-kwalen katakon da ke nan ɗazu. Ya tafi tare da dattin, domin katako ba ya maido da sigina da ƙarfi kamar ƙarfe. Tun daga nan na fi yarda da allo mai ɗan datti.

Ranar 25 ga Yulin 1956, jirgin Andrea Doria na Italiya da Stockholm na Suwidin suka yi karo kusa da tsibirin Nantucket a Amurka. Dukansu suna da radar, kowa ya ga ɗan'uwansa a allo tun daga nesa, amma kowa ya fassara abin da ya gani yadda ya zata, mutum 51 suka mutu. Dokokin kauce wa karo a teku na 1972 sun faɗa ƙarara a doka ta 7 cewa kada a yanke hukunci kan bayanin radar da bai isa ba.

Kallo ɗaya bai isa ba ke nan. Sai ka auna kusurwar ɗigon, wato ta wane ɓangare yake daga jirginka, da nisansa, ka jira minti uku ko shida, ka sake aunawa. Idan kusurwa ba ta motsa ba, nisa kuma yana raguwa, to kuna kan hanyar karo, a kira kyaftin.